Ashanar Baba da Zanen Taya

Baba ya yi shekara da shekaru yana jan motar haya tsakanin Ɗanbatta da Kano kafin idonsa ya mutu. Da ya daina gani sai ya miƙa wa ƙanena makulli, amma bai sakar masa tayoyi ba. Kullum da safe, kafin mota ta bar gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, sai ya fito yana lalube, ya tsuguna, ya zura tsinken ashana cikin zanen kowace taya. In kan ashanar ya nutse duka, a tafi. In ya leƙo, motar ba ta fita ko da fasinja sun cika ta. Jami'an hanya suna da ɗan ƙarfen awonsu, amma ƙanena ya fi shakkar ashanar Baba.

Wata Asabar da damina kan ashana ya leƙo a tayoyin gaba. Baba ya ce a canza su, domin ranar Litinin motar za ta kai Inna da matan gida bikin suna a Rimin Gado.

Washegari na shiga kasuwar Ɗanbatta sayen taki, sai na hango motarmu a ɗage a rumfar wani mai faci. Tayoyin nan biyu suna ƙasa. Mai facin ya gasa wata lanƙwasasshiyar wuƙa a garwashi, yana bin tsohon layi yana ƙwaƙule sabon zane a ɗan naman robar da ya rage. Ƙaurin roba ya cika wurin. Ƙanena na ganina ya taso ya tare ni.

"Yaya, kowa a tasha haka yake yi. In aka cire gyaɗa zan sa sababbi. Don Allah kada Baba ya ji."

"Me ya rage tsakanin zanen nan da wayar ciki?"

"Kai malamin makaranta ne, Yaya. Alli ka sani."

Ban hana su ba. Halina ke nan, kuma ba na alfahari da shi: a aji murya kamar ladan, a gida ba na iya tsawata wa ko akuya. Na tsaya ina kallo har aka shafe tayoyin da baƙin mai suka yi ƙyalli.

Ranar nan zama ya gagare ni. Na je gona zuba taki, na bi kunya ɗaya sau biyu, na tsallake uku. In na faɗa, Baba zai karɓe makulli, ƙanena kuwa da motar nan yake ciyar da iyalinsa, kuma ba zai yafe mini ba. In na yi shiru, gobe Inna za ta hau jiƙaƙƙiyar kwalta a kan robar da ba ta fi bayan takalmi kauri ba. Tsakanin la'asar da magariba sau uku ina shiga zauren Baba. Na farko na yi maganar tsadar taki. Na biyu na tambaye shi ciwon gwiwarsa. Na uku ma zama kawai na yi ina mutsu-mutsu.

"Malam, yau tabarmar da ƙaya ne?" in ji shi.

Na yi dariyar yaƙe na fita.

Litinin aka wayi gari da yayyafi. Mata suka fito da kwanukansu da lulluɓinsu, Inna ta shige baya tana faɗan an makara. Ina tsaye jikin darbejiya. Baba ya fito, ya tsuguna, ya zura ashana. Kanta ya nutse. Na ji ajiyar zuciyar ƙanena daga inda nake.

Amma Baba bai tashi ba. Ya bi bakin zanen da babban yatsa a hankali, ya kai yatsan hancinsa. Sannan ya dafa mota ya miƙe, ya lalubi ƙofar gaba ya buɗe. Tun da idonsa ya tafi bai sake shiga motar nan ba, ya ce ba ya iya zama a kujerar fasinja. Ranar ya zauna, ya ja ƙofa.

"Direba, tayar da ita. Tunda ka yarda ta ɗauki uwarka, ni ma ta ɗauke ni."

Ƙanena ya shiga, ya sa makulli, ya riƙe. Ruwa na ɗiga a gilas. Can ya zare makullin ya fito, ya buɗe but ɗin mota ya ɗauko jak don kwance tayoyin, bai kalli kowa ba. Mata suka fara sauka suna gunaguni.

Na matsa in taimaka wa Baba ya fito, raina ya yi sanyi, har ina jin kamar ni na yi wani abu. Ya kama hannuna ya matse, ya sassauta murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Jiya sau uku ka shigo mini da ƙaurin roba a rigarka. Ƙanenka na san abin da ya sa shi. Kai kuma da idonka ka gani. Har na tsuguna ɗazu ina jiranka ka yi magana."