Juma'ar da Na Tura Garuruwa Uku Ƙofa Ɗaya

Yau shekara biyar da rasuwar ƙanena Malam Sani, kuma akwai maganar da nake so a ce ban taɓa faɗa masa ba. A gaban jama'a na ce karatunsa na kwamfuta asarar takarda ne.

Lokacin ni ne shugaban ƙungiyarmu ta manoma. Sani ya haɗa mana shafi a intanet, inda mutum zai sa sunansa ta waya ya kama layin tarakta. Ya roƙe ni in ba shi kwana biyu kafin a buɗe. Ya ce injin da ke karɓar masu shiga, ma'aikaci ɗaya ya ɗora masa tukuna, irin na cikin kwamfuta ba ɗan Adam ba, sai ya gama da mutum guda ya juya ga na gaba. Ban saurara ba, ruwa ya kusa sauka. Na sa aka yi shela a masallatai, daga Faskari har Ƙanƙara da Sabuwa, kowa ya shiga da an sallame Juma'a.

Kowa kuwa ya shiga. Shafin ya sandare, mutane suka taso mini, ni kuma na juye a kan Sani, na yaɓa masa waccan maganar a gabansu.

Ya zauna gindin darbejiya da kwamfutarsa yana ƙara ma'aikatan. Na tsaya a kansa na ce, "To sa ɗari mana!"

Ya yi dariya. "Yaya, ka taɓa kiran gayyar mutum ɗari a gonar bayan gida? Hauya ƙafa za ta sara. Takwas ne ƙarfin injin nan."

Kafin la'asar layi ya tafi sumul, duk wanda ya sa suna ya samu huɗa a kan kari.

Har yau da saitinsa muke aiki. Bana na ga wata tsohuwa a Tafoki tana danna waya, daidai lokacin surukina a Pauwa shi ma yana ciki, ba wanda ya jira wani. Da Sani na nan, na san tsokanata zai yi: "Yaya, ko mu sa ɗarin?" Nakan tuna, in yi ta dariya ni kaɗai a gona har a ɗauka wani abu ne.

Abin da ya bari ke nan, ƙofar da ba a turereniya a bakinta. Ni kuwa na yi ta ɗaga ba shi haƙuri, wai ina babba, har aka kai shi makwanci. Allah Ya jiƙansa. Don Allah, in na ƙasa da ku ya ce a ba shi kwana biyu, ku ba shi. In kun kunyata shi a gaban mutane, ku wanke shi a gabansu tun yana ji.