Malam Idirisu da Jan Layin Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa shiga zauren Malam Idirisu ya san ba ya buɗe kwamfutarsa sai ya yi mata sallama. Zai yaye tsohon rawanin da yake lulluɓe ta da shi, ya ce, "Salamu alaikum, 'yar makaranta." Ni kuwa taubashiyarsa ce, ɗiyar kawunsa, saboda haka ina da ikon faɗa masa abin da na ga dama. Na ce, "Idirisu, ƙarfe kake gayarwa?" Ya ce, "Hauwa, ta fi ki ladabi. Ita ba ta katse ni."

Ɗansa ne ya aiko masa ita bayan Malam ya aje aikin koyarwa. Ya ɗaura niyyar rubuta yadda kakanninmu suka taho a ƙafa za su Makka, suka yada zango a bakin kogin nan kusa da Abu Hujar, zangon ya zama gari. Da haruffan Larabci yake rubuta Hausar, irin na iyayenmu. To kwamfuta an saita ta a Larabci, sai ta ɗauka Larabci ne ya lalace. Kowace kalma ta ja mata jan layi a ƙasa. Kai! Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ja wa 'ya'yan mutane jan biro! A gabana ya rantse ba zai mutu ba sai ya rubuta shafi guda cur da Hausarmu babu ja ko ɗaya.

Ya ɗauke ta har birnin Sinnar wurin mai gyara. Mai gyara ya ce, "Ya ustaz, abu mai sauƙi. In shiga wurin saitin harshe in kashe maka binciken, halas, shi ke nan, ba ja."

"In ka kashe, ta iya Hausa ke nan?"

"A'a, za ta dai yi shiru."

"Shirun jahilci? Ba ni kayana!"

Abu ɗaya ya yarda ya koya a shagon: in ka danna kalma, akwai inda za ka ce a ƙara ta cikin ƙamus, daga nan kwamfuta ta san ta har abada. Ya dawo yana murna kamar wanda aka ba hawasha kyauta, gona guda da ruwanta da audugarta.

Sai dai fa ba kowace kalma ke shiga ba. Sai dattijai biyu sun yi mata shaida cewa sun ji ta a bakin kakanni, kamar ganin watan azumi. Bayan la'asar za ka ga tsofaffi a zaurensa suna musu. Ranar da aka zo kan hawasha ɗin nan kanta, ya ce Larabci ce, ba ta shiga. Alhaji Buba maƙwabcinsa ya ce, "To, mi kake kiran gonarka?"

"Hawashata."

"Kai da ubanka duka?"

Sai Idirisu ya ce, "Ta zauna da mu ta daɗe, a ba ta takardar zama." Ya danna.

Ladan shaida kuwa shayi ne, kofi ɗaya mutum biyu. Wai tunda shaidar ɗaya suka bayar.

Ni da furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma shi ya ƙarasa koya mini, da wancan jan biron nasa da ba ya jin ƙai. Da hannuna ya faɗa sai na zo masa da nawa kalmomin: muciya, maburgi, madambaci, ƙoshiya. Tsofaffin nasa suka kalli juna. Wani ya ce ƙoshiya kamar ya taɓa ji. Kamar! Mutanen da suka tsufa suna cin tuwo ba su san da me ake tuƙa shi ba! Idirisu ya ce ba shaidu, ba shiga.

Na ce, "Shaidu kake so?"

Washegari na kwaso masa matan unguwa kakaf, kowacce da abin a hannunta. Inna Dije da ba ta jin kira ta riƙa kaɗa maburgi a gaban hancinsa tana cewa, "Ka gan shi? Ka gan shi?" Suka zauna suka ce sai an ba su shayin shaida. Yana kallon gwangwanin sukarinsa yana ƙarewa, ya jawo ni gefe ya ce, "Hauwa, don Allah. Daga yau bakinki kaɗai shaidu biyu ne."

Da ciwo ya kwantar da shi, idonsa ya daina rarrabe layin. Sai ya aika a kira ni. Yana kan angarib, gadonsa na igiya, yana faɗa ina bugawa da yatsa ɗaya. Labarin kakarmu ne, yadda ta haye kogi da tukunya a ka da goyo a baya. Shafi ya cika. Ya ce, "Ja nawa?"

Na duba sama da ƙasa. Na ce, "Babu."

"Ƙarya kike. Kin kashe binciken don ki faranta mini."

"Ni? Yaushe na taɓa faranta maka?"

"To ta lalace. Buga mata shirme mu gani."

Na dafa haruffa da tafin hannu. Nan take jan layi ya fito, na faɗa masa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Ashe tana gani. To ta iya, Hauwa. Ta iya." Ya sa na karanta masa shafin daga farko, bai gyara mini ko wasali ba, abin da bai taɓa yi ba.

Bai ga juma'a ta gaba ba.

Allah ya jiƙanka, taubashina, mai rowar sukari. Allah ya ba ka littafinka a hannun dama, fari tas, inda aka ja maka layi Ya shafe da rahamarSa. Amin.