Grozdan Mai Alfadarai da Waƙar Sekula

Kawuna Grozdan ya shekara talatin yana kai gawayi daga ƙauyenmu zuwa kasuwar Manastir da alfadarai biyar. Abu ɗaya aka san shi da shi: ba ya rantsuwa kan ƙarya. Tun yana ƙarami ya ga bakin wani mutum ya karkace bayan ya sumbaci gicciye a kan ƙarya a rigimar gona, tsoron bai sake shi ba.

Da ƙungiyar asiri ta shigo ƙauyenmu, mai neman Makedoniya ta riƙa mulkin kanta a ƙarƙashin Sarkin Turkawa, Malam Naum na makaranta ne shugabanta. Shi ya ga amfanin wannan tsoro. Mutanensa ne ke ɗora wa alfadaran kaya, Kawu kuwa ya juya baya yana cin burodi da cuku. Abin da ke ƙarƙashin gawayin, bai taɓa gani ba.

A gadar shiga gari akwai wani sajan Baturke mai ƙiba, wanda ba ya son baƙin gawayi a rigarsa.

"Mai gawayi, sumbaci abin wuyanka. Ka shiga ƙungiyar nan?"

"Ban shiga ba, Aga."

"Me ka ɗauko?"

"Gawayi na gani, Aga."

Sai Kawu ya sumbaci gicciyen da ke wuyansa, a buɗe masa hanya. Shekara huɗu ana haka.

Matsalar ta zo ne daga maƙwabcinsa kuma sa'ansa, Sekula mai gyaran takalma. Shi an rantsar da shi yadda ake yi: hannu a kan Linjila, an gitta wuƙa da ƙaramar bindiga a kanta. Ya hau dutse wurin mayaƙa wata biyu, ya dawo da gemu da ɗingishi. Ranar idin cocinmu, 'yan mata suka sa sunansa a waƙar rawa, suna zagayawa hannu da hannu suna kiransa shaho.

Kawu ya koma gida bai taɓa waken da matarsa Despa ta gasa a kasko ba.

"Shaho," in ji shi. "Mutumin da ƙusar takalminsa ce ta soke shi."

Despa ta ce, "To kai ma bar gemun mana, tsoho. Ko alfadaranka sa yi maka waƙa."

Washegari ya tare Malam Naum a bakin rijiya.

"Malam, ni ma a rantsar da ni."

"Grozdan, kai ka fi mana amfani a haka. Ranar da ka ɗora hannu a kan littafin nan, me za ka ce wa mutumin gada?"

"Wannan tsakanina da shi ne. Bindigar da Sekula ya rataya, a bayan wa ta shigo?"

"Ka ce ba ka taɓa gani ba."

"Ban gani ba, amma alfadari ya san nauyin gawayi."

Malam ya yi ta lallashi har kaka ta wuce. Kawu ya daina gaida Sekula, ya riƙa kai takalmansa wani ƙauye mai tafiyar rabin yini. A ƙarshe ya ce in ba a rantsar da shi ba, zai sayar da dabbobin. Wata Lahadi bayan an tashi daga coci, Malam ya rufe ƙofar makaranta ya shimfiɗa kayan rantsuwar a kan tebur. Kawu ya ce mini hannunsa bai yi rawa ba ko kaɗan, kuma ya tambayi Malam ko na Sekula ya yi.

Ranar Talata ya isa gada.

"Mai gawayi, sumbaci abin wuyanka."

Kawu ya ɗaga gicciyen har kusa da leɓe, ya tsaya. Sajan ya dube shi, ya dubi alfadaran, ya kira yaransa. Suka zazzage buhunan a ƙasa har na ƙarshe. Gawayi ne zalla, don Malam ya san mutuminsa. Kawu ya sha mari biyu, ya durƙusa yana kwashe kayansa daga laka.

Daga ranar, duk zuwa sai an zazzage shi. Ƙungiya ta nemi wata hanya ta bayan dutse, kuma ƙanin matar Sekula aka ba aikin. Kawu ya zama cikakken ɗan ƙungiya wanda ba a sake ba shi ko takarda ya kai ba.

Yanzu ya tsufa, alfadari ɗaya ya rage masa. Duk idi yana zama a gindin bishiyar da ke gaban coci, kusa da masu rawa, don ya ji waƙar da kyau ya gyara musu.

"Wata biyu ne, ba shekara ba. Rabi ma ciwon ciki ya yi."

Bara na tambaye shi ko yana nadama. Ya daɗe yana kallon Sekula, wanda aka ba kujera a inuwa.

"Nadamar me? Yadda aka rantsar da shi haka aka rantsar da ni." Ya gyara hularsa. "Amma je ka duba mini, kujerar nan daga gidan wa aka ɗauko masa ita."