Ƙafar Kawu da Motar da Ba a Turawa

Ranar Talata, makonni uku da suka wuce, mun tashi da asuba daga Dakoro, ƙarfe biyar da kwata, ni da ƙanena, shi ne ke tuƙi. Niyyarmu mu tsaya Birnin Lalle mu ɗauki Kawu, ƙanen mahaifiyarmu, da matarsa da muke kira Inna, mu isa asibiti a Maradi kafin ƙarfe goma. Kawu yana da ciwon suga. Ƙaya ta soke shi a tafin ƙafar dama wajen kiwo, ciwon ya ƙi warkewa, yatsu biyu suka yi baƙi. Manjo, wato babban ma'aikacin jinyar da ke wanke masa ciwon a Dakoro, ya yi waya da likitan fiɗa na Maradi, aka ce a kawo shi da safe, kada ya ci komai tun dare. In an yi aikin a ranar, yatsun kawai za a cire. Da yawanku sun tambaye ni jikinsa, wasu kuma sun tambayi motar. Ga bayanin duka biyun.

Motar ta ƙanena ce. Ƙarama ce, 'yar Kwatano, irin wadda ake kira ibrid: tana da injin isansi, wato fetur, tana kuma da babban batir a ƙarƙashin kujerar baya, su biyun suke karɓa-karɓa wajen jan ta. Bara ya saye ta, bayan man da ake kawowa daga ƙetaren iyaka ya yi tsada. Sana'arsa hatsi, kullum yana tsakanin kasuwannin ƙauye da Maradi. Wata goma tana hannunsa ba ta taɓa barinsa a hanya ba, kuma man da take sha bai kai rabin na tsohuwar motarsa ba. Aibunta da muka sani kafin ranar kaɗan ne. Ƙasa-ƙasa ce, cikinta yana gogar yashi. Ba ta da ƙara, awaki ba sa tashi a gabanta sai an matsa musu hon. Saƙonnin da take rubutawa a allon gaba kuma cikin wani harshen Turai ne da ba Faransanci ba, babu mai karanta shi a cikinmu. Ƙanena ya kan ce in ta yi rubutu da rawaya gaisuwa ce, sai ta yi ja ake saurarenta.

A Birnin Lalle mun tarar Inna ta fito da kaya ƙofar gida: rabin buhun gero, wake, tabarmi biyu, tukunya, buta, ƙwaryar fura, da cuku a ƙulle don matar gidan da za mu sauka. Ƙanena ya ce kayan sun yi yawa. Ta ce mai jinya ita ke dafa wa kanta, kuma ba za ta shiga gidan mutane hannu rabbana ba. Muka cika bayan motar har rufi.

Muka kwantar da Kawu a kujerar baya, ya jingina da ƙofar hagu, ƙafar mai ciwo ta miƙe bisa cinyar Inna zuwa ƙofar dama. A gefen kujerar, daidai wajen da ƙafar ta tsaya, akwai wani ɗan rami mai raga, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Da aka kunna mota, Inna ta ji motsin iska a wurin.

"Wanga rami fa, mi yake yi?"

"Iska ce ke wucewa, Inna," in ji ƙanena.

"Iska, ga ciwo buɗe? Kai ba ka da hankali."

Ta ɗauko buzun da Kawu ke salla a kai, ta ninke shi, ta cusa a bakin ramin. Ta ce a kashe kilim kuma, na'urar sanyaya mota, kada sanyi ya shiga ciwon. Duk wanda ya tashi a gidajenmu ya san wannan ƙa'ida, ciwo ba ya son iska, ba ya son sanyi. Ƙanena ya kashe. Ni kuwa da na ga buzun yana zamewa, da hannuna na ƙara danna shi.

Hanyar kudu gudoro ce, amma akwai wuraren da kwalta ta ɓare, sai a sauka gefe a bi yashi. Bazara ta kai maƙura. Gonaki fayau, ko kara babu, an kwashe wa dabbobi. A kowace rijiya layin jarkoki ne da amalanken jakai, da raƙuma a durƙushe suna jiran nasu lokacin. Masu sayar da isansi a kwalba suna zaune gaban teburansu ba mai tsayawa. A shingen jandarma, wanda ya zo duba takardu ya leƙa baya, ya ga ƙafar, ya ja da baya ya ce a sauke igiya. Bai karɓi ko takarda ɗaya ba.

Wajen ƙarfe bakwai rana ta fara cizo. Muka soma jin wani gurnani daga baya, ƙanena ya ce murfin tukunya ne ke rawa. Can injin ya ɗauki kuka bai ƙara yin shiru ba, alhali a da yakan huta. Motar ta yi nauyi, ana taka ta ba ta amsawa. Allon ya yi rawaya. Bayan minti kaɗan wata alama ja mai kusurwa uku ta fito. Ƙanena ya gangara gindin wata aduwa, tafiya kaɗan kafin Sabon Maci, ya kashe ta don ta huta. Ƙarfe bakwai da minti arba'in ke nan. Da ya sake danna maɓallin, fitilun allo suka kama, amma koren rubutun da ke nuna ta shirya tafiya bai fito ba. Ya danna ya fi sau ashirin.

Mutane suka taso daga rijiyar da ke kusa. Wani dattijo mai rawani ya ce mu koma ciki, za su tura. Ƙanena ya ce wanda ya sayar masa ya gaya masa ita ba a tura ta.

"Ɗana," in ji dattijon, "na tura kamiyo cike da gyaɗa tun ba a haihe ka ba. Babu motar da ba a turawa."

Suka tura, su bakwai, sau uku. Dattijon yana gudu a gefe yana cewa a saka ta biyu. Ba ta da giya ta biyu, ba ta da kuloci. Ta gangara shiru kamar amalanke, ta tsaya inda ƙarfinsu ya ƙare, muka sake turo ta baya zuwa inuwa.

Zan faɗi abin da na fi nadama. Wajen ƙarfe tara wata buɗaɗɗiyar mota ta tsaya, ɗauke da raguna za ta Maradi. Direban ya ce zai matsa su a shimfiɗa wa Kawu tabarma. Inna ta dubi kashin ragunan, ta dubi ƙafar, ta ce a'a. Ƙanena ya ce an aika a kira bakanike, yana tafe, minti goma ne. Ni ne babba a cikin mu biyu, da na ce a ɗauke shi da an ɗauke shi. Na bar motar ragunan ta wuce. Motocin haya biyu da suka wuce bayanta a cike suke har rufi, babu wurin miƙe ƙafa.

Bakaniken ya iso bisa babur daga Sabon Maci. Mutum ne mai furfura, an ce babu injin niƙa ko tsohuwar motar da ta gagare shi a yankin. Ya buɗe gaba, ya ga manyan wayoyi masu launin lemo, ya mai da hannuwansa baya.

"Alhaji, wagga ba mota ba ce, gidan wuta ne. An ce wayoyin nan kisa suke. Ban taɓa su."

Na gode masa a raina da bai yi ƙarya ba. Yana da lambar wani mai gyaran irinsu a Maradi, sai dai layi ba ya kamawa a gindin aduwar. A kan wani suri muka samu, bayan ƙarfe goma sha ɗaya. Na karanta masa alamomin da ke allon. Tambayarsa ta farko ita ce, "Me kuka ajiye a gefen kujerar baya?"

Na buɗe ƙofa, na zaro buzun. Zafinsa kamar an sauke shi daga kan murhu. Inna tana kallona.

Mai gyaran ya yi mana bayani a taƙaice. Ta wannan rami babban batir ke shaƙar iskar cikin mota ya huce. Mun toshe shi, mun kuma kashe kilim, a watan da ya fi kowane zafi. Batirin ya yi zafi, na'urar motar ta kulle shi don kada ya ƙone. Ya ce mu buɗe ƙofofi duka, mu cire fankar da ke bayan ramin mu share, sannan mu cire kan ƙaramin batir, irin na kowace mota, na ɗan lokaci don ta manta laifin. Ƙaramin batirin yana can baya, ƙarƙashin geron Inna. Muka sauke kaya kaf a kan yashi. Fankar da bakaniken ya zaro ta toshe da ƙaiƙayi da gashin akuya da ƙasa, sun dunƙule kamar auduga, tarin wata goma na yawon kasuwanni. Ƙaramin batirin kuma danne-dannen ƙanena sun ƙarasa shi. Sai da aka koma Sabon Maci aka aro wani a wurin mai cajin wayoyi.

Duk wannan lokacin Kawu yana kwance a tabarma da cikin da bai ga abinci ba tun magariba. Da rana ta take tsaka ya fara zufa mai sanyi, hannuwansa suna karkarwa. Ya shiga kiran sunayen shanun da ya rasa shekaru da dama, yana cewa a kore su daga bakin hanya. Inna ta jawo ƙwaryar fura.

Na ce, "Inna, lokotoro ya ce kada ya ci komai."

Ta ce, "Lokotoro na nan?"

Ta dama da sukari, ta ɗaga kansa ta ba shi. Na san me hakan ke nufi ga aikin ranar, ban hana ta ba. Bayan ɗan lokaci idonsa ya dawo daidai. Ya dubi rassan aduwar ya ce, "Mun iso?"

Motar ta kama ƙarfe biyu saura minti goma, shiru, kamar ba ita ba. Muka tafi a hankali da kilim a kunne. Inna ba ta hana ba. Mun shiga Maradi ƙarfe uku da rabi. Likitan ya auna shi ya ce ba zai sa masa allurar barci a wannan hali ba: ya ci abinci, jikinsa ya bushe, zazzaɓi ya hau, sugansa ya rikice. Sai ranar Alhamis aka shiga da shi. A lokacin baƙin ya haura idon sawu. An yanke ƙafar a ƙasan gwiwa.

Na tambayi likitan ko awanni shidan nan ne suka ci ƙafar. Ya ce ba zai iya raba mini ba, domin makonnin da aka yi ana jiƙa masa sassaƙe a gida su ma suna ciki. Abin da ya tabbatar shi ne furar Inna ce ta sa muka kawo mai rai.

A kwanakin jinya na raka ƙanena garejin mutumin da ya taimake mu a waya. Ya sa wa motar na'ura, ya ce ƙwayoyi biyu a babban batirin sun riga sun raunana tun kafin ta shigo ƙasar nan, zafi ne ya fallasa su. Ya nuna mana irinta huɗu a ajiye, duk ciwo ɗaya. Ya ce injinta da wuya ya ba da matsala, amma batir da zafi ba sa shiri, kuma daga nan har Dakoro bai san wani mai na'urar auna ta ba.

Ga masu tambayata ko su saya, ga abin da na gani. Tana rage shan mai, wannan gaskiya ne. Amma a nemi a auna babban batirin kafin a biya. A san inda ramin iskarsa yake, a nuna wa duk wanda zai zauna baya, a riƙa share fankar. A canja ƙaramin batir in ya tsufa. In ta mutu a daji, turi ba ya tayar da ita, bakaniken ƙauye kuma ba laifinsa ba ne in ya ja baya. Wanda ya ɗauko mara lafiya, ko wace irin mota ce, in ta tsaya ya hau ta farko da ta ba shi wuri, ko da raguna ne a ciki.

Mun komo ranar Alhamis da ta wuce, a cikin motar dai. Kawu ya zauna a baya, a zaune wannan karon, wuri ya wadata. Ya ce da ƙanena daga yau takalmi ɗaya zai riƙa nema a kasuwar Dakoro, a samo masa mai ƙafar dama su riƙa raba biyu. Ƙanena ya yi ƙoƙarin dariya. Inna ce da kanta ta ce a kunna kilim, ta lulluɓe Kawu da zane. Buzun yana ninke bisa cinyarta. Babu wanda ya taɓa ce mata komai a kansa, ni ma ban gaya mata cewa na ƙara danna shi ba. Lokaci-lokaci takan miƙa hannu bakin ramin ta ji ko iska tana wucewa, ta janye. Da muka zo daidai aduwar, ƙanena bai rage gudu ba.

Mun sauke su a Birnin Lalle bayan azahar, muka ƙarasa Dakoro. An gyara ƙwayoyin batirin, motar ta koma zirga-zirgarta ta kasuwa. Dabbobin Kawu an damƙa su ga wani maƙwabcinsa zai tafi da su arewa in damina ta faɗi. Kawu ya fara takawa da sanduna zuwa ƙofar gida. A kan kujera yake salla yanzu, buzun kuma Inna ta kai shi masallacin unguwa.