Gwandar Dajin da Ke Kan Kabarin Inna

Ana idar da sallar asuba muka bar Diffa, ni da yayata da ta zo takanas daga Damagaram. Wani mai kawo tattasai kasuwa, inda nake dako, shi ya gaya mini masu injin ban ruwa sun cinye gaɓar kogin Komadugu har bayan ƙauyen da muka zauna a shekarar yunwa. Can aka binne Inna, ina ɗan shekara shida. Kabarin ba shi da wata alama sai gwandar daji ɗaya da Baba ya shuka wajen kanta, da irin da ta ƙullo a bakin zane tun daga Matamaye. In ruwa ya bi ta wurin, shi ke nan. Na so mu bari sai bayan kasuwar Talata, yayata ta ƙi.

Motar tsohuwa ce mai buɗaɗɗen baya, jika ɗaya da rabi, wato sefa dubu da ɗari biyar, kowane mutum. Direba ya ce naira ya fi so, amma ba ya faɗa da sefa. Aka ɗora mu kan buhunan taki tare da awaki biyu. Da kwalta ta ƙare muka faɗa rairayi, sau uku muna sauka muna turi, har na ce masa shi ya kamata ya biya ni.

Hanya duk ta yi ja. Ko'ina tattasai ne a shanye, kowa na atishawa. Motocin bandar kifi daga Bosso suna wuce mu. Tsamiya da goribar da na sani sun ragu ƙwarai. Ba zan zagi tattasai ba, da shi nake ci, ko da yake buhunansa ne suka lanƙwasa mini baya.

Mun isa kafin azahar. Bulama, wato mai garin, ya sa aka kawo mana burabusko da miyar kifi. Ya tuna Baba, amma kabari ya ce Allah ne masani. Itacen kuma ba na ƙasarsu ba ne, ba wanda ya san shi. Na kwatanta: tsayin mutum, faffaɗan ganye, 'ya'ya rawaya masu ƙamshi. Suka girgiza kai.

Har la'asar muna zagaye cikin gonaki. Inda na san fili ne duk ya zama hanyoyin ruwa. Na ce, “Yaya, mu yi mata addu'a daga nan, za ta isa.”

Ta ce, “Kai tun kana goye a gajiye kake. Wuce mu tafi.”

Wani Babarbare mai gona, yana gyaran injinsa, ya tambaye mu abin da ya ɓace. Da na ce masa itacen da ke kan wani kabari muke nema, ya ce babu itace a nan, sai wani ɗan banzan tsiro a gefen gonarsa. “Shekara uku ina sara, na sa wuta, yana fitowa. Jibi zan tone saiwar, ta nan ruwa zai bi.”

Ya kai mu. Baƙin kututture ne, da 'yan rassa da ba su wuce gwiwa ba. Yayata ta tsinki ganye ɗaya, ta murje, ta kai hanci. Sai ta zauna a ƙasa. Ta miƙo mini, na sansana. Gaskiya ni ban tuna komai ba, fuskar Inna ma ba ni da ita. Amma na ga fuskar yayata, ta ishe ni shaida.

Mai gonar ya ce, “Wa ke nan?”

Na ce, “Uwarmu.”

Ya yi salati ya cire takalmi. “Ashe a kan uwarku nake sa wuta.” Na ce ya sayar mana da wurin, ya harare ni kamar na zage shi. Ya ja sabon layi da diddige, ya karkatar da hanyar ruwan, ya haƙura da wurin shuka mai kyau. Mu uku muka saro ƙayar bagaruwa muka kewaye kabarin, muka yi addu'a.

Washegari muka dawo Diffa a kan buhunan tattasai, yayata da ganye uku a bakin zanenta.

Abin da na koya ba mai daɗi ba ne. Shekara talatin da wani abu ina zaune, tsakanina da uwata tafiyar da ba ta kai wuni guda ba, kullum sai in ce sai an ci kasuwa. Itacen nan an sare shi, an ƙone shi, bai bar wurinta ba. Da mun jira Talata, da ruwa za mu tarar.