Allurar Da Ta Daskare A Firizar Mai Ruwan Leda

Shekarar da na fara zuwa asibiti neman haihuwa, muna zaune a unguwar Kalpohin, mijina yana koyarwa, ni ina aikin ofis. A kan bencin jiran likita na san wata mata daga unguwar Moshi Zongo, mai sayar da waake da shinkafa a bakin titi. Ta girme ni kaɗan, sai nake ce mata Yaya. Ta daɗe da aure ba ta taɓa ko ɓari ba. Keken ɗinkinta ta sayar, mijinta ya sayar da babur ɗinsa, kafin su iya sayen maganin.

Allura iri ɗaya aka rubuta mana, wadda ke sa ƙwayayen haihuwa su girma. Nas ta miƙo mana kwalayen tana sauri, ta ce, "A ajiye a wuri mai sanyi." Ni na koma gida na sa nawa a firiji, ban sake tunanin abin ba.

Ranar da aka yi mana hoton ciki, likita ya ce ƙwayayena sun girma yadda ake so. Da aka kira Yaya, ta riƙo hannuna ta ce in shiga tare da ita, don Turancin likitan yana yi mata sauri. Ya daɗe yana kallon allon na'urar, sannan ya tambaya ko ta tsallake allura.

"Wallahi ko sau ɗaya," ta ce.

"Ina take ajiyewa?"

Na fassara mata. Ta ce ba su da firiji, sai ta roƙi maƙwabciyarta mai sayar da ruwan leda. A can ƙasan firiza take cusa kwalin, tsakanin ledojin ƙanƙara, don ya fi sanyi. Idan ya daskare, ta sa kwalbar a hammata ta narke, ta kai wa mai kemis ya yi mata. In an ɗauke wuta ya narke, in an kawo ya sake daskarewa.

Likita ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce maganin da ya daskare ya mutu, abin da take sha a jiki duk kwanakin nan bai fi ruwa ba. Na rasa yadda zan mayar da wannan da Hausa. Ita kuwa tana kallon fuskata tana murmushi, tana jira.

Da na faɗa mata, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Amma sanyi suka ce."

Likita ya ce sai a sake daga farko. A waje na ce, "Yaya, in kin sayi wani, kawo gidana ki ajiye."

Ta dube ni ta ce, "Ƙanwata, me kuma ya rage mu sayar?"

Ta tsayar da yalo-yalo, babur mai ƙafa uku, ta hau, don ta bar tukunya a hannun maƙwabta. Na zauna a kan dakalin asibitin har mijina ya zo ya same ni a haka.

Ni Allah ya ba ni 'ya mace. Yaya ba ta sake komawa asibitin ba. Bara na je Moshi Zongo nemanta, aka ce sun koma ƙauyen mijin, noma suke yi.