Yagana, Wadda Ta Fito da Kwanon Malam Lawan

Kafin 'yan hatsin kasuwar Potiskum su gama kwance bakin buhu, Yagana ta iso. Babaji mai keke ne ke ɗauko ta daga unguwar Dogo Tebo, ya sauke ta a bakin rumfuna, ta shiga tana ɗingishi da buhunta a kafaɗa. Ba saye take zuwa yi ba. Rumfa rumfa take bi tana cewa, "Alhaji, ina rabon baƙi?" Wannan ya zuba gero, wancan masara. Mai rowa kuwa ya shiga uku, don zama za ta yi a kan bencinsa ta yi ta tambayarsa lafiyar iyali har sai ya gaji ya ɗebo.

Baƙin nan su ne mutanen da masifa ta koro garinmu, waɗanda rikici ya taso daga gabas da waɗanda ambaliya ta rushe wa gidaje. Shekara da shekaru tana wannan aiki, ba ofis, ba riga mai tambari. Yanzu gwiwa ta ƙi, likita ya ce ta zauna, shi ya sa na ga bai kamata mu yi shiru ba.

Abin da na gani da idona shi zan faɗa. A wata damina ruwa ya cinye wani ƙauye a bayan Damagum. Cikin waɗanda suka sauka a unguwarmu akwai Malam Muhammadu Lawan, dattijon manomi, da matarsa Delu da jikokinsu. A ƙauyensu a ƙofar gidansa ake cin tuwon dare. A nan kuwa kango aka ba shi aro. Da motar agaji ta zo aka ce a yi layi, sai ya ƙi fita, ya kuma hana iyalinsa. Maƙwabta suka aika da abinci, ya mayar da godiya ya ce sun ƙoshi, alhali jikokin sai ramewa suke yi.

A layinmu maza na yin ciyayya: bayan magariba kowane magidanci ya fito da kwanonsa, a haɗu a tabarma ɗaya a ci tare. Mun kira Malam Lawan har mun gaji. Yana sallame salla zai ɗauki takalmansa ya wuce. Wasunmu suka ce girman kai ne, wallahi har da ni. Yagana ta ce, "Ku maza ba ku da lura. Mutumin da bai da kwanon fitarwa, da wane ido zai sa hannu a naku?"

Washegari ta sa Babaji ya sauke gero da kuka da daddawa a ƙofar kangon. Ta shiga ta ce, "Yaya Delu, taimako na zo nema. Gwiwar nan ta hana ni tsugunno a gaban murhu, ga marayu a gidana. Ki riƙa tuƙa mana tuwo, tukunya ɗaya da naku, ki zuba mini nawa."

Malam Lawan yana daga zaure yana ji. Ya ce, "Baiwar Allah, na san abin da kike yi."

Ta ce, "To Malam, sai ka hana a taimaki gurguwa?"

Can ya ce, "Delu, hura wuta."

Ba ƙarya ta yi masa ba. Gwiwar na ciwo da gaske, marayun ma suna nan. Ta dai ɗauki lalurarta ta ajiye a gabansa, don ya zama shi ma yana da abin bayarwa.

Ke ce uwar baƙi, Yagana. Ke ce kika gane cewa wanda ruwa ya raba da rumbunsa bai rabu da kunyarsa ba. Mu mun iya aika abinci, ke kika iya sa a ci shi. Tausayinki nake ji idan na gan ki zaune a tabarma kina shafa gwiwa, kina tambayar masu wucewa ko an yi sababbin baƙi. Mun gode. Allah Ya ba ki lafiya, Ya saka miki da abin da mu ba za mu iya ba.

Ku kuma 'yan uwa, masifa ba ta daina koro mana mutane ba, kuma ƙafar da ke zaga musu ta gaji. Duk mai mudu ɗaya na hatsi ya fito da shi, amma ya tsaya ya duba yadda zai miƙa.

Ranar da aka hura wutar nan, muna zaune bayan magariba sai ga Malam Lawan da kwano a hannu. Muka matsa masa. Ya ajiye a tsakiyar tabarma, ya buɗe murfin. Bai kalli kowa ba. Ya ce, "Bismillah, ku matso. Na gidana ne."